Zaren Bahaguwa

Fitowa ta shida

Sallama gare ku 'yan uwa, na kusa da na nesa. Na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce tun farkon labarin nan ba ta ga laifina ba. 'Yar nan, adana tausayinki tukuna, yau ne za ki ji abin da na aikata. Shekara da shekaru ina haɗiye maganar nan, yau sai ta fito, ko kun tsine mini ba zan ce kun zalunce ni ba.

Ga wanda yau ya fara leƙo mu, sunana Azumi, 'yar Labaran dogari, a garin Kwarin Gawo, can bakin daji gaba kaɗan da Dogon Dawa. Abin da nake ba ku labari ya faru ne zamanin Turawa, a shekarun da ake kwasar maza ana kai su haƙar kuza Jos. Diban gwamna muke ce masa. Bayan 'yan watanni sai takarda ta zo wa Hakimi, a kawo mutum kaza. Wanda ya tafi, ko dai ya dawo da tari a ƙirji, ko a dawo wa uwarsa da hularsa kawai. Kowa kuma ya san yadda ake zaɓen. Gidan da ya aika wa fada da bunsuru ko damin dawa, ba a ganin ƙofarsa. Gidan da ba shi da komai, nan ake fara sallama.

Saurayina Salmanu ne, manomi, dogo, baƙi, mai wushirya, ga shi da raha kamar ba shi da damuwa a duniya. Ba wanda ya tilasta ni, ni na ce ina so, Baba kuma ya sa albarka. An kawo kayan na-gani-ina-so, an sa rana bayan an cire amfanin gona. Inna ta gama jera mini ƙore da faya-fayai, ta sayo tasa biyu a kasuwar Tabanni tana ɓoyewa a ƙarƙashin gado.

Sai ga Modibbo Hammadu ya sauka da 'yan shanunsa a gefen daji.

Tsoho ne siriri, maganarsa ma sai ka matsa kake ji. Kullum bayan la'asar yakan shimfiɗa farin ƙyalle a gindin wata ɗorawa, mutane su kewaye shi, su yi ta ambaton Allah har rana ta yi ja. Wazifa ke nan. Da farko mutum biyar ne. Kafin damina ta raba tsakiya sun fi sittin. Wallahi idona ya ga abin da ban zaci zan gani ba: manomin da ya sha alwashin sai ya sare ƙafar saniyar wani makiyayi, Bappa, ga shi gwiwa da gwiwa da Bappan. Bagwaren da jiya ya yi kalmar shahada yana sahu ɗaya da limamin unguwa. Masu dafa burkutu a bayan gari suka fara kife tukwane don rashin masu sha.

Da a nan abin ya tsaya, da ba wanda ya kula. Amma sai suka fara ɗora hannu a ƙirji in suna salla, suka kuma daina faɗuwa. Ku 'yan yanzu ba ku san faɗuwa ba. In Hakimi zai wuce, tun daga nesa za ka tuɓe takalmi, ka zube, ka ɗebi ƙasa ka watsa a ka. Modibbo ya ce goshin da ya taɓa ƙasa don Allah ba ya taɓa ta don ɗan Adam. Su tsaya a tsaye, su yi sallama da ladabi, shi ke nan. Ran wata Juma'a kuma, bayan an idar, Salmanu nawa ya miƙe a gaban jama'a ya dubi Hakimi ya ce, “Ranka ya daɗe, tunda diban nan ya zama dole, a riƙa jefa ƙuri'a. Ɗan talaka da ɗan fada, kowa a sa sunansa a ƙwarya ɗaya.” Masallaci ya amsa da kabbara. A ranar Baba ya dawo gida ko tuwo bai taɓa ba.

Yanzu ga inda na shigo. Wata rana da yamma Salmanu ya zo zance, muna tsaye a bakin zaure, na sha kwalli, na ɗaura zanen saƙina mai ratsin shuni, sai ya ce gara ta cinye musu ƙyallen wazifa, yanzu a kan tsumma suke zama.

Na ce, “To malamin naku ba shi da abin sayen wani?”

Ya yi dariya. “Modibbo? Riga ɗaya gare shi, in ya wanke sai ya zauna a bukka ta bushe.”

Ni ma ba ni da kuɗin sayen ƙyalle. Amma ina da farin gwado a cikin adudu, wanda na saƙa don shimfiɗar gadon aurena. Ni na gurje audugar, ni na shiɓe ta, ni na kaɗa zaren, wata tara ina fama, har alli ya cinye mini yatsu. Washegari na naɗe shi na ba Asama'u mai tallan nono. Ku da kuke da waya a hannu, mu Asama'u ce wayarmu, kuma ba ta taɓa kai saƙo gidan da ba a aike ta ba. Ta sa shi a ƙarƙashin faifai ta kai ruga.

Abu ɗaya na manta. Ni bahaguwa ce. Inna ta dake hannun nan har ta gaji, ya ƙi. Mai kaɗi da dama tana murza mazari ya juya ta gefe guda, nawa kuwa ta ɗaya gefen yake juyawa, saboda haka murɗin zarena a juye yake. Namiji zai kwana a kan gwadon shekara goma bai lura ba. Amma duk macen da ta taɓa riƙe mazari, ta ja zare ɗaya ta murza, ta san hannun da ya kaɗa shi. Kuma a duk Kwarin Gawo ni kaɗai ce mai kaɗi da hagu.

A fitowar da ta wuce na tsaya ne a inda dogarai suka dira gindin ɗorawa, suka kama Modibbo da Salmanu da wasu mutum goma, suka naɗe gwadon suka tafi da shi fada.

To, da hantsi washegari ina tsakar gida ina surfe, hannuna na aiki amma hankalina na fada, sai ga Baba ya shigo da jar rigarsa, ya zauna a kan turmin da ke kife. Inna ta miƙa masa ruwa a moɗa.

“Yaya aka ƙare, Malam?”

Ya kurɓa, tari ya sarƙe shi, sai da ya daɗe yana dukan ƙirji. “Baturen gwamnati ya iso tun sassafe. An gaya masa 'yan Mahadi ne, suna taruwa a daji da farar tuta, wai daga gabas aka aiko musu da ita.”

“Tuta kuma?”

“Haka Modibbo ma ya tambaya. Ya ce tuta sama ake ɗaga ta, wannan a ƙasa suke shimfiɗawa. Yaron nan Salmanu ya ce a garin nan aka saƙa shi, wata mace ta yi don ɗakinta. Bature ya ce wace ce, yaron ya yi shiru. An yi, an yi, ya ƙi buɗe baki.”

Taɓaryar hannuna ta tsaya a sama.

Baba ya ci gaba, “Bature ya ce gobe a tara matan gari. In wadda ta saƙa ta fito, to magana ce ta salla, ba ruwansa, a sake su. In ba ta fito ba, tuta ce. Su goma sha ɗayan su za su ja gaba a diban wannan watan, Modibbo kuma gidan yari.” Ya sauke murya. “Amma bayan Bature ya shiga bariki, Hakimi ya tara mu. Ya rantse, duk gidan da ƙyallen nan ya fito, maigidan ne zai maye gurbinsu, ko da a kan gadon ciwo yake.”

Inna ta juyo. Ta dube ni, ta tashi ta shige ɗaki. Na ji ƙarar murfin adudu. Ta fito a hankali, hannunta wayam, ta tsaya a bakin ƙofa.

“Azumi, ina gwadon gadonki?”

Na sunkuyar da kai.

“Da ke nake. Ina gwadon?”

“Inna, na bayar.”

Baba ya dube ta, ya dube ni, moɗar ta suɓuce daga hannunsa. Na zaci duka zai rufe ni da shi, har na ƙanƙame jikina. Wayyo, da ma dukan ya yi. Sai kawai ya warware rawaninsa ya ɗora a cinya, na ga furfurar da ban san ta yi yawa haka ba.

Ya ce, “Uwata, kin kashe ni.” Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci, Azumin laƙabi ne.

“Baba, ban san abin zai zama haka ba. Ƙyallen salla ne fa.”

“Na sani. Shekara ashirin da biyu ina faɗuwa a gaban mutumin nan. Kina tsammani daɗi nake ji? Don ku ci tuwo ne, don kada a yi sallama a ƙofar nan.” Tari ya sake kama shi, ya tofa a gefe ya rufe da ƙasa da sauri, amma na riga na ga ja.

Ya mayar da rawaninsa ya fita. Inna ta ja ni ɗaki ta saki labulen asabari.

“Kin ga abin da ya tofar?”

“Na gani.”

“Samari majiya ƙarfi ma sanyin Jos kayar da su yake. Ubanki sati biyu ba zai yi ba. Ba ni da ɗa namiji, ba ki da wa. Shi Salmanu jini ne a jika, zai je ya dawo.”

“Inna, ɗan gidan Auta ma jini ne a jika, hularsa aka kawo.”

Ta ɗaga hannu kamar za ta mare ni, sai ta fashe da kuka ta riƙe ƙafafuna. Uwar da ta haife ni, ta riƙe ƙafafuna! “Na roƙe ki da nonon da kika sha, gobe ki ce ba ki san shi ba. Mata ba za su tona ki ba, na san su. Ke dai ki rufe bakinki.”

Na yini a ɗaki ina kallon tasoshin da ta saya mini. In na rufe ido in ga wushiryar Salmanu, in na buɗe in ji tarin Baba. Bayan azahar sai na ji muryar Asama'u a zaure tana tallan kindirmo. Na fita da 'yar ƙwarya kamar mai saye. Tana zuba mini tana magana ƙasa-ƙasa, idonta a kan ludayi.

“Na kai musu nono a inda aka tsare su. Ya ba ni saƙo.”

“Yana lafiya? Sun dake shi?”

“Bakinsa ya kumbura, amma yana dariyarsa. Ya ce in gaya miki, bai faɗa ba, ba kuma zai faɗa ba. Ya ce ya san abin da Hakimi ya rantse a kai. Ya ce ki yi shiru, ki riƙe Baba.”

“Shi fa?”

“Ya ce shi yana da Mai riƙe shi.” Ta ɗago ta kalle ni. “Mijina ma yana cikinsu, Azumi. Ni ban ce ki yi kaza ba. Saƙo aka ba ni, na kawo.”

Ta ɗora ƙwaryarta ta tafi, ko kuɗin nonon ba ta tsaya karɓa ba.

'Yan uwa, ga maganar da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Inna har ta koma ga Allah ba ta ji ta ba. Da na ji saƙon nan, daɗi na ji. Wallahi daɗi na ji. Wani sanyi ya sauka a ƙirjina, na ce a raina, ai shi ya ce in yi shiru, ba laifina ba ne. Yana can da kumburarren baki yana neman yadda zai sauƙaƙa mini, ni kuwa na cafke sauƙin da hannu biyu. Tun daga lokacin na san abin da zan faɗa gobe, duk kukan da na yi bayan nan na munafunci ne.

Gari ya waye, sanƙira ya zaga yana shela, duk macen da ta isa riƙe mazari ta hallara ƙofar fada. Inna ta hana ni sa kwalli, ta ba ni wani tsohon zanenta da ya koɗe, ta lulluɓa mini mayafi har goshi. Ta ce, “Hannun nan naki na hagu, ki ɓoye shi a cikin zane kamar ba ki da shi.”

Mun fi mu ɗari a zaune a rana. Bature na kan kujerar tafi-da-gidanka a ƙarƙashin rumfa, da hularsa mai kama da ƙwarya a kife, yana korar ƙuda da wutsiyar doki. Hakimi na gefensa. Tafintan Bature, wani ɗan gayu mai suna Maliki, shi ke riƙe da gwadona. Can gefe kuma ga su nan su goma sha biyu a zaune a ƙasa, an ɗaure su da igiya ɗaya. Baba na tsaye a kansu da sanda. Ban yarda na kalli wajen sau biyu ba.

Maliki ya ce, “Bature ya ce, za a zaga da ƙyallen nan. Kowace ta duba da kyau. Wadda ta san hannun da ya yi shi, ta faɗa, ba abin da zai same ta.”

Aka fara da Iya Maiturare, wadda ita ta koya wa rabin matan garin saƙa. Ta karɓa, ta shafa, ta ja zare ɗaya daga gefe ta murza tsakanin yatsunta. Na ga lokacin da yatsun suka tsaya. Ta ɗago kai, idonta ya ratsa mata ɗari ya sauka a kaina, sannan ya wuce kamar bai ga kowa ba.

“Ɗan nan, idona ya mutu. Ban ga komai ba.”

Ta gaba ta karɓa, ta murza, ta ce ba ta sani ba. Ta gaba ma haka. Har da matar Auta da ɗanta ya mutu a kuza, har da Saude wadda ƙanenta ke cikin igiyar nan. Kowace ta murza zaren, kowace ta gane, kowace ta miƙa gaba. Ba don ba sa son 'yan uwansu ba. Sun bar mini ne, don magana tawa ce, ni ya kamata in faɗa da bakina. Ina jin numfashinsu a bayana suna jira.

Inna ta karɓa ta miƙa ko dubawa ba ta yi ba. Maliki ya tsaya a gabana.

Kash! Kun san hannun da ya fita? Na hagu. Shi da kansa ya zaro daga cikin zane ya nufi kayansa. Inna ta mintsine ni a cinya, na yi maza na sauya. Maliki ya dubi hannun, ya dube ni, ya ɗan karkata kai. Daga baya na ji uwarsa masaƙiya ce a Zariya.

Gwadon na kan cinyata. Ga inda zare ya tsinke mini ran da aka kawo kayan na-gani-ina-so, na ƙulla shi. Ga ƙanshin turaren wuta da suke sa masa, ga ɗan koren ganyen ɗorawa ya maƙale a gefe.

“'Yammata, kin san shi?”

Ba abin da ya fi sauƙi kamar in ce nawa ne. Kalma biyu. Mutum goma sha biyu su tashi su koma gidajensu. Na buɗe baki, sai Baba ya yi tari.

Na ce, “Ban taɓa ganinsa ba.”

Maliki bai matsa ba. “Kin tabbata?”

Hakimi ya ce daga rumfa, “'Yar Labaran ce, 'yar gida ce. Ke, rantse masa ya wuce, rana na yi.”

Na ce, “Wallahi ban san shi ba.”

Da sunan da suke ambato a kan gwadon, da shi na rantse. Wata tsohuwa a bayana ta ja salati a hankali. Saude ta kifa kai a gwiwa. Sai a lokacin na kalli wajen igiya. Salmanu na kallona, leɓensa a fashe, ya gyaɗa mini kai kaɗan, ya yi murmushi, irin wanda ake yi wa yaron da ya yi abin kirki. Da ya tofa mini yawu da na fi samun sauƙi.

Bature ya yi magana gajeriya ya tashi. Maliki ya ce tunda ba mai shi a garin, tuta ce, a ƙone ta. Hakimi ya ce, “Labaran, sa mata wuta.” Baba ya faɗi, ya ɗebi ƙasa ya watsa a ka, ya tashi ya ɗauko garwashi. Wata tara na aikin hannuna bai kai tafasar ruwa ba ya zama toka. Har yau in auduga ta ƙone a kusa da ni sai na fita daga gidan.

Washegari da hantsi aka fito da su za a kai su tashar jirgi a Zariya, dogarai huɗu ke rakiya, har da Baba. Modibbo na gaba, ya fara la'ilaha illallahu da 'yar muryar nan tasa, na igiya suka amsa. Sai na ji an amsa daga bakin kasuwa, an amsa daga bayan danga, mata na amsawa daga cikin gidaje. Garin gaba ɗaya ya ɗauka. Hakimi ya fito a kan doki don ya ga tafiyarsu, maza sun cika hanya dama da hagu, kuma ko mutum ɗaya bai faɗi ba. Tsofaffin da ba su taɓa zuwa gindin ɗorawa ba, su ma suna tsaye da takalmansu. Dokin ya yi ta zagaye a wuri ɗaya, daga ƙarshe ya juya ya koma.

Ni ina leƙe ta hudar danga. Ban amsa ba. Da wane bakin?

Kwana goma sha ɗaya Baba bai dawo ba. Na daina zuwa rafi sai da tsakar rana, lokacin da ba kowa. Ba wadda ta zage ni, ba wadda ta yi mini habaici, gaisuwa ma suna amsawa. Sai dai in na iso, hira ta mutu. Asama'u ta daina biyowa ta layinmu. Inna kuwa sai lallaɓa ni take, yau ta dama mini fura, gobe ta ce in zo ta yi mini kitso. Ina ce wa kaina, ko ba komai Baba yana nan, rigarsa na nan, abin da na saya ke nan.

Ran na goma sha biyu, ana shirin kiran azahar, ya shigo. Da kyar na gane shi. Ba jar riga, ba rawani, daga shi sai 'yar shara da wando, ƙafafunsa sun yi futu-futu. Inna ta saki muciya.

“Malam! 'Yan fashi kuka gamu da su? Ina rigar?”

Ya zauna a kan turmin nan, ya ce, “Uwata, zo nan.”

Na durƙusa a gabansa.

“Kwana uku da tafiyarmu, a bakin wani rafi, tarin nan ya kayar da ni. Jini ta baki, jini ta hanci. 'Yan uwana dogarai suka ce a jingine ni a gindin itace, in sun dawo sa duba. Yaron nan ya ce bai yarda ba. Da igiya a ƙugunsa ya goya ni. Yini guda cur yana tafe da ni a baya, in ya gaji Bappa ya karɓa, in Bappa ya gaji wani ya karɓa. Mutanen da nake kora da sanda.”

Inna ta toshe baki da gefen zane.

“Ina bayansa na ce, Salmanu, ka san ni na sa wa gwadon wuta. Ya ce, na gani Baba, umarni aka ba ka. Na ce, ka kuwa san daga gidan da ya fito. Ya ce, ni ban san komai ba Baba, riƙe wuyana da kyau kada ka zame.”

Na ce, “Bai ba ka saƙo ba? Ko kalma ɗaya?”

“Har aka tura su cikin taragu bai ambaci sunanki ba, don kada wani dogari ya ji. Yana ta kallona dai har jirgi ya ja.”

Na kifa kaina a ƙasa. Inna ta ce, “To rigar fa, Malam? Ina tambayarka rigar!”

“Daga hanya fada na zarce. Na shiga da takalmina. Na tsaya a tsaye. Na tuɓe rigar na naɗe da rawanin na ajiye a gabansa. Na ce, ranka ya daɗe, ƙyallen nan ba tuta ba ne, gwadon auren 'yata ne, daga ɗakina ya fito, a aika wa Bature.”

“Ka kashe mu!” Inna ta ɗora hannu a ka. “Wayyo Allah, ka kashe mu!”

Ni ban yi ihu ba. Na ɗago na dube shi. “Baba, Bature ya bar ƙasar nan tun sati guda. Jirgi ya tafi. Yanzu wa wannan gaskiyar za ta dawo da shi?”

Ya kawar da kai, na ci gaba.

“Na rantse da Allah a kan ƙarya a gaban duk garin nan. Na sa an tafi da mutum goma sha biyu. Don rigar nan na yi, Baba, don kada a taɓa ka. In ka san za ka tuɓe ta da hannunka, me ya sa ba ka tuɓe ta ran nan ba? Don wa na yi rantsuwar?”

Hawaye ya gangaro cikin furfurar gemunsa. Ya ce, “Ran nan ban iya ba, uwata.” Ya tashi da kyar, ya ɗauki buta ya yi alwala, ya fuskanci gabas a nan tsakar gida. Ya yi kabbara, sai na ga ya ɗora hannun dama a kan na hagu, a ƙirji.

Bai kai ruku'u ba aka buga sanda a ƙofar zaure.

“Salamu alaikum! Hakimi ya ce Labaran ya fito. Ya kuma ce a taho da 'yarsa, mai kaɗi da hagu.”

Inna ta riƙo zanena tana girgiza kai, tana nuna mini katangar baya. Baba bai ko motsa ba, yana karatunsa. Na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Na shiga ɗaki na buɗe taskira, na ɗauko mazarina da sauran zaren da ya rage a jikinsa, na riƙe shi a hannun hagu inda kowa zai gani, na nufi zaure.